Mai Fili da Jirgin Ƙarshe

Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da filin jirgin garin, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, babba da yaro kowa sai dai ya ce Mai Fili. Wanda bai san wurin ba, in ya ji an ce filin jirgi, zai ɗauka wani abin a zo a gani ne. To, a rage buri. Wani dogon zirin ƙasa ne mai ciyawa, taku dubu da ɗari biyu daga bakin rafi zuwa gindin mangwaro, an jera masa duwatsu dama da hagu an shafe su da farar ƙasa. Sai ɗaki guda na kwano mai benci da sikeli da rediyo a ciki, da wani dogon ƙarfe a waje wanda aka rataya wa jan ƙyalle mai baki biyu don ya nuna inda iska ta dosa. Ƙafar wando mutanen gari suke ce wa ƙyallen, kuma ba su yi masa ƙarya ba.

Sau biyu a mako jirgi yake zuwa, ɗan ƙarami mai kujera tara. Ya sauke magani da wasiƙu, wani lokaci da likita, ya kwashi marasa lafiyar da mota ba za ta kai su da rai ba. A wancan zamanin, da damina ta kankama, hanyar mota takan yanke wata uku cur. Mata nawa ne naƙuda ta zo musu da gardama aka ɗauke su daga wannan fili a kwance, suka dawo a zaune da goyo? Mai Fili bai taɓa ƙirgawa ba, amma in ya shiga kasuwa yakan nuna wani ƙaton saurayi ya ce, “Kai, ni na ɗaga wa uwarka tuta kana ciki.”

Aikinsa ba na ƙarfi ba ne kawai, na naci ne. Kullum da safe, ko da jirgi ko babu, sai ya taka filin daga wannan kai zuwa wancan da wani guntun rodi a hannu. Ya yi wa rodin tsaga da zarto, kamar tsawon ɗan yatsa daga tsini. In an kwana ana ruwa, sai ya riƙa danna shi a ƙasa da hannu ɗaya duk bayan taku goma. In ya nutse ya wuce tsagar, to ƙasa ta yi laushi, taya za ta kafe, sai ya koma ɗaki ya ɗauki rediyo ya ce kada a zo. Akwai ranar da wani babban mutum yake cikin jirgin, aka yi ta daka masa tsawa ta rediyo, ana tambayarsa ko ya san wanda yake hanawa sauka. Ya ce bai sani ba, amma ƙasar ma ba ta sani ba. Jirgi ya juya. Aka ce za a kore shi, har yau ba a kore shin ba.

Abokan gabarsa uku ne: gara, awaki da ’yan kallo. Gara takan tayar da suri cikin kwana biyu a tsakiyar fili, ya bi ta da diga. Awaki ya bi su da hoge. ’Yan kallo kuwa usur ɗinsa ne maganinsu. In ya busa sau ɗaya, har dattawan da suka girme shi sukan ja da baya su tsaya bayan fararen duwatsu kamar ’yan makaranta. Kuma yana da doka guda wadda ba wanda ya rubuta masa ita, shi ya kafa wa kansa: jirgi ba ya tashi sai ya je ƙarshen fili da ƙafarsa, ya duba dama ya duba hagu, ya ɗaga farar tuta. A shekara talatin da huɗu taya ba ta taɓa kafewa a filinsa ba, farfela ba ta taɓa taɓa ko ɗan tsako ba. In kana son ka ga fara’arsa, ka ja shi da wannan zance.

Matarsa ɗinki take yi, shi kuma ba ya kiranta da komai sai Tela. Ita take ɗinka ƙafar wandon nan duk bayan wata shida in rana ta cinye tsohuwar. Mace ce mai baki, mai ciwon gwiwa, mai tsoron duk abin da ya fi katanga tsawo. Takan ce ita dai ta auri mutum ta tarar yana da wata uwar da yake yi wa hidima, ƙasa ce kuma ba ta ko cewa sannu.

Abin da mutane ba su sani ba, ita ta sani. Mai Fili bai taɓa shiga jirgi ba. Ya ɗora buhu a ciki, ya kama marasa lafiya ya kwantar, ya goge gilashi, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Matuƙa kuwa, tun daga na farko har na baya, duk bakinsu ɗaya. Su ce, “Mai Fili, ai da za ka ga filin nan naka daga sama! A duk inda muke sauka babu kamarsa. Ya miƙe sar kamar tsagar kitso, duwatsun nan suna walƙiya tun daga nesa.” Sai ya yi dariya ya ce, “Ku dai ku yi ta yawonku, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, nan za ku tarar da ni.” In sun ce ya hau su zaga da shi, ya ce, “In na hau, wa zai ɗaga tuta?”

Dariyar ta baki ce. A zuci yana son ganin filin nan daga sama kamar ransa ya fita. Gani ya kori ji, shi kuwa ji kawai yake yi. Ya san kowane taku na wurin da tafin ƙafarsa, ya san inda ruwa yake kwanciya da inda ƙaya take fitowa, amma bai taɓa ganinsa gaba ɗaya a ido ɗaya ba. Ya taɓa hawa rufin ɗakin rediyo, bai ga komai ba sai abin da ya saba gani. Ya taɓa hawa mangwaron har reshe na uku, yana da shekara hamsin da wani abu, ganye ya tare shi, ya sauko da tsagaggen wando. Tela ta ɗinke ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Sai aka shimfiɗa kwalta har garin, aka yi gada a kan rafin. Kowa ya yi murna, shi ma ya yi, don yana da ’ya’ya da jikoki masu bin hanyar. Bayan shekara biyu aka gama wani sabon filin jirgi kusa da babban gari, tafiyar awa guda a mota, mai kwalta da fitilu da shingen waya. Wata safiya wani jami’i ya zo da takarda. Mutumin kirki ne, ya zauna a benci ya yi bayani a hankali: ƙarshen wata za a rufe wannan, jirage duk za su koma can, ƙasar kuma za a mayar wa masu gonaki. Ya yi godiya a madadin hukuma. Mai Fili ya ce, “Ba komai, ranka ya daɗe,” ya raka shi har mota. Da ya dawo sai ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, ya ɗauki tsintsiya ya share ɗakin da ya riga ya share.

Ya je sabon filin sau ɗaya, ko za a ɗauke shi aiki. Abin dariya, abin tausayi, har da rodinsa ya tafi. A bakin ƙofa aka karɓe rodin aka ajiye. Wani ma’aikaci ya saurare shi da ladabi, ya ce ciyawa inji ke yanka ta, shinge ya hana dabbobi, kwalta kuwa ba ta laushi don an yi ruwa. Mai Fili ya leƙa ta waya ya ga titin, baƙi wuluk, faffaɗa, ba ko sili ɗaya na ciyawa. Ya yarda ya yi kyau, don shi ba mai hassada ba ne. Ya karɓi rodinsa ya hau motar gida.

Matuƙin da ya fi daɗewa yana zuwa, wanda ake kira Sanƙo, shi ya kawo labarin da ya dawo masa da rai. Saura mako biyu a rufe, ya sauko daga jirgi ya kama hannunsa ya ce, “Baba, wannan karon ba gardama. Na nemo maka kujera a tashin ƙarshe, an sa hannu. Daga nan zuwa sabon fili, ka dawo a mota. Kuma kafin mu miƙe sai na zaga da kai sau biyu, ka ga abinka ka ƙoshi.”

“Tuta fa?”

“Haba Baba! Duk garin nan a rasa mai ɗaga ƙyalle na rana ɗaya?”

Mai Fili ya dubi filin. Ya san in wannan ta wuce babu wata, don bayan ranar ba jirgi, ba fili. Ya ce, “To, Allah Ya kai mu.”

Daga ranar bai zauna ba. Ya sake shafe duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, kwana uku yana tsugune. Ya bi ciyawa da lauje har sai da ta yi daidai kamar askin wanzami. Ya sa Tela ta ɗinka sabuwar ƙafar wando. Ta ce, “Yanzu fisabilillahi, don kwana ɗaya zan ɓata yadi?” Ta ɗinka, har ta ninka bakin sau biyu. Tuta kuwa ya damƙa wa surukinsa, mijin babbar ’yarsa, magidanci mai hankali da ke sayar da kayan keke. Mako guda yana koya masa: a nan za ka tsaya, ka duba dama, ka duba hagu, kada ka ɗaga sai ka ga ko kaza babu. Surukin yana cewa, “To Baba, na gane Baba,” cikin kunya irin ta surukai.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau, sama tas ba gajimare. Abin da Mai Fili bai lissafa ba shi ne jama’a. Gari ya ji yau jirgi zai yi tashin ƙarshe, sai kowa ya fito, har da na ƙauyukan gefe, da kekuna da jakuna da jarirai a baya. Kuma tunda an ce an rufe fili, a ransu dokar fili ma ta tashi. Ya sa rigarsa ta fita kunya, Tela ta rako shi har gindin jirgi tana ɗingishi. Ya hau, aka zaunar da shi jikin taga, Sanƙo da kansa ya ɗaura masa bel.

Da ya leƙa ta taga, sai ya ga mutane sun tsallako fararen duwatsu. Yara sun shigo har tsakiya. Can ƙarshe ga wani jaki yana kiwo hankali kwance a kan ciyawar da ya yanke jiya. Surukinsa kuwa ya maƙale tuta a hammata, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoton jirgi.

“Buɗe mini,” in ji shi.

Ya sauka ya busa usur sau ɗaya. Jama’a suka ja da baya kamar an share su, mai jaki ya ruga ya janye abinsa, surukin ya jefa waya aljihu yana ba da haƙuri. Mai Fili ya koma ya zauna, aka sake ɗaura bel. Kafin Sanƙo ya gama taɓe-taɓensa, mutane sun fara dawowa, taku ɗaya, taku biyu. Surukin yana ta ɗaga hannu yana roƙo, ba mai kallonsa. Ba usur suke tsoro ba, mai usur ɗin suke jin nauyi, kuma sun ga ya shige jirgi.

Sanƙo ya waiwayo ya ce, “Baba, bar su. Da sun ji ƙarar inji za su watse.”

Wataƙila da sun watse ɗin. Da wani mutum ne, da ya bar su, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma Mai Fili ya kalli wata yarinya ’yar shekara uku da ta kufce daga hannun uwarta tana tafiya tangal-tangal a kan ciyawa, sai ya ji ba zai iya ba. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa zubar da ko ɗigon jini a nan ba, ba kuwa za a fara a ranar ƙarshe yana zaune a ɗaure yana leƙe ba. Ya kwance bel da kansa.

Tela tana nan tsaye inda ya bar ta. Ya kama hannunta ya ja ta zuwa matakala.

“Malam, lafiya? Me kake yi haka?”

“Hau. Ki je ki gano mini.”

“Ni? Ni da ko kujera ba na hawa in ɗauko abu? Ka rufa mini asiri!”

“Tela, ba ni da wani idon sai naki. Ki duba da kyau, ki zo ki faɗa mini.”

Ta kalli fuskarsa, sai bakin nan nata ya mutu. Sanƙo ya ce sunan Baba ne a takarda, amma duk da haka ya miƙo hannu ya taimaka mata ta hau. Mai Fili ya karɓi tutarsa daga hannun suruki, ya taka har ƙarshen fili yana busa usur, ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga. Jirgi ya taso da gudu ya wuce ta kansa. Ya ji yana zagawa, sau ɗaya, sau biyu, amma jama’a sun sake yunƙurowa suna ihu, shi kuma dokarsa ce ba a shiga fili sai jirgi ya ɓace, ko zai dawo da matsala. Sai da ƙarar ta mutu sannan ya sauke hannu.

Da la’asar mota ta sauke Tela a ƙofar gida. Bai bari ta cire mayafi ba.

“Yaya kika gan shi?”

“Malam, ai ba a magana. Ya miƙe sar. Duwatsun nan fari tas, kamar haƙora.”

“Wajen rafi fa, inda na cike da tsakuwa? Ana gane wurin?”

“Ko alama. Duk ya zama ɗaya.”

Ya jingina da bango ya lumshe ido, ya ce ta sake faɗa daga farko.

Washegari aka zo aka kwance rediyo da sikeli, aka sa shi ya zana babban gicciye da farar ƙasa a kowane kai na filin don kada wani jirgi ya yi kuskuren sauka. Ya zana su a miƙe, da igiya ya auna. Da ruwa ya sauka masu gonaki suka shiga da garma. Fararen duwatsun aka kwashe, wasu suka zama murhu, wasu harsashin katanga. Cikin wata uku masara ta rufe wurin, har baƙo ba zai yarda jirgi ya taɓa sauka a nan ba. Mai Fili ya daina bi ta wannan hanyar. Kewa ta kama shi sosai, ta rage masa ci, ta rage masa magana. Da safe yakan farka a lokacin da ya saba, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ba inda za shi.

Abin da ya rage masa shi ne labarin Tela. Da yamma in ta zauna a keken ɗinki, sai ya jawo kujera kusa ya ce, “Ranar nan, da kuka zaga ta biyu…” Ita kuma ta ba shi. Sai dai sannu a hankali ya fara lura da wani abu. Yau mangwaron yana hannun dama, gobe yana hagu. Wani lokaci ta ce ta ga rafi yana ƙyalli, alhali a watan rafin a bushe yake. Rufin ɗakin rediyo ma ta taɓa cewa fari ne, shi kuwa ya san tsatsa ta cinye shi tun ’yarsu tana goye. Ya gane, kuma ganewar ta yi masa ciwo fiye da takardar jami’i. Amma bai tanka ba, don in ya tanka, ɗan abin da yake riƙe da shi ma ya tafi.

Ita ce ta gaji. Wata yamma ya jawo kujera kamar kullum, sai ta tsayar da keke, ta zare tabarau, ta daɗe tana murza zare a yatsa.

“Malam, ina da magana, kuma ka yafe ni. Ni fa ban ga filin nan ba.”

Ya ɗago kai ya dube ta.

“Tun da ya fara gudu na rufe ido, ina ta salati. Mai tuƙin yana ta cewa Mama duba, Mama duba, na kasa. Sau ɗaya na buɗe, da ya karkata. Wallahi ban ga duwatsu ba, ban ga miƙewa ba. Kai kaɗai na gani, ɗan mitsitsi, ka juya mana baya, ka ware hannu biyu kana tare mutane. Sai kuka ya zo mini, na sake rufewa. Ka aike ni abu ɗaya a duniya, na kasa yi maka.”

Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Mai Fili ya kalli ƙasa ya daɗe. Yanzu ta tabbata ke nan, filin ya tafi, kuma a gidan nan ba wanda ya taɓa ganinsa.

“Na sani, Tela,” in ji shi. “Tun ranar da kika zuba ruwa a rafi.”

“Ka sani? To, don me kake ta tambayata?”

Ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa ƙafar keken.

“Wa gare ni da zan tambaya? Share idonki. Faɗa mini yadda kika saba faɗa, daga inda kuka tashi.”